Yadda Na Bar Sosnolin a Bushe

"Ƙarya kike yi, Bogna! Ko cokali ɗaya ba a taɓa watsa miki ba."

"Ni? Ke, bara sai da aka matse ni kamar tsumma kafin a bar ni in shiga gida."

"Wa ya jiƙa ki? Faɗi sunansa."

"Ba ki san shi ba."

"Na san shi sarai. Ƙaninki ne, da bindigar ruwa ta roba. Shi ma rabin ruwan a bango ya ƙare. Mamarki ta gaya wa Mama a waya."

Lusia ke nan, 'yar gwaggona, mai baki kamar reza. Muna tsaye a kicin ɗin Gwaggo Renia a garin Sosnolin, ranar Asabar ɗin Ista, ko jakata ban sauke daga kafaɗa ba. Gwaggo tana dafa ƙwai da ɓawon albasa don su yi ja. Ta ba mu baya, amma kunnuwanta duka biyu suna wajenmu.

Abin haushin, gaskiya Lusia ta faɗa. A ƙasarmu kowa ya san yadda Litinin ɗin bayan Ista take: samari su fito da bokitai, duk yarinyar da suka gani su sheƙa mata ruwa. Wadda ta fi jiƙewa ita ce mai farin jini. Wadda kuwa ƙararrawar coci ta tsakar rana ta same ta a bushe, tsofaffi sun ce ta ajiye maganar aure sai wata shekarar. To mu a birnin Łódź, can ƙololuwar bene muke zaune, wane saurayi ne zai hau da bokiti? Na kai shekara ashirin da shida ƙararrawa tana samuna ƙamas kamar tsohon burodi. Shi ya sa Mama ta cusa ni a motar Sosnolin, garin da ban taɓa takawa ba tun da Gwaggo ta koma can da zama, ta ce, "Je ki inda har yanzu samari ke da hannuwa."

"A nan," in ji Lusia, tana karkaɗa gashi, "sau uku nake canza riga kafin tsakar rana. Bara Witek na 'yan kwana-kwana da kansa ya ɗauke ni cak ya tsoma ni a komin shayar da dawakai."

Ta nuna min hotonsa a waya. Na duba, na ce ba wani abu ba ne. Na karɓi wayar na sake dubawa don in tabbatar.

"Rashin zaɓi ne ya sa," na ce. "Garin da 'yan matansa ba su cika benci biyu a coci ba. Ki bari su ga baƙuwa. Ba ma baƙuwa irina ba, baƙuwa daga ƙasar waje. Na rantse sai rijiyoyin garin nan sun ƙafe."

"A ina za ki samo ta?"

Sai a lokacin na ajiye jaka. Aikina a Łódź tarbar baƙi ne a otal, kuma tun ina ƙarama ba muryar da zan ji sau biyu ban ɗauke ta ba. Akwai wata Bafaranshiya da ta taɓa sauka a wurinmu, mai yawon ƙananan garuruwa tana rubuta abin da ta gani a mujalla. Na ɗaga haɓa, na tsuke baki, na mayar da magana ta hanci.

"O la la. Gari ƙarami, kyau sosai. Ni Madam Solange. Ni zo gani, ni rubuta."

Ludayin Gwaggo ya faɗa cikin tukunya. "Yesu da Maryamu! Wa ya shigo min gida?"

"Jibi," na ce da muryata, "in ƙararrawa ta kaɗa Lusia ta fi ni jiƙewa, ku kira ni duk sunan da kuka ga dama. Kuma bokitin Witek ɗin nan a kaina zai ƙare."

"Ni dai ba ruwana," in ji Gwaggo, tana lalubo ludayinta. "Ba zan yi miki ƙarya ba, ba kuma zan tona ki ba. In an tambaye ni, baƙuwa ce ta sauka a gidana. Wannan ai gaskiya ne."

"Ni ma na yi shiru," in ji Lusia. "Kallo nake so."

Ranar Lahadi na fito da malafar Gwaggo ta zuwa biki, da baƙin tabarau, da jan gyale a wuya. Na tsaya a ƙofar coci daidai lokacin da ake fitowa, ina ɗaukar hoton duk abin da ya tsaya wuri ɗaya: kwata, kwandon shara, wani kare mai barci. Ban gama da karen ba na ji wata murya a bayana kamar tsohuwar mota da ta ƙi tashi.

"Ehem-hem!"

Pan Zenon ne, magajin gari. Gajere, mai gashin baki kamar tsintsiya, ba ya fara magana sai ya yi wannan gyaran murya. Shi ne ya kafa allon "Barka da zuwa" da harsuna huɗu a bakin gari, allon da ban da shamuwa ba wanda ke tsayawa ya duba.

"Baƙuwa ce?" ya tambayi Gwaggo.

"A gidana ta sauka, yallaɓai."

"Ni Madam Solange," na ce ta hanci. "Faransa. Ni rubuta gari, mujalla."

Gashin bakinsa ya yi rawa. Ya sumbaci hannuna, ya juya wajen mutane ya ɗaga murya. "Ehem-hem! Jama'ar Sosnolin masu albarka! Ban gaya muku ba? Na ce in an kafa allo za su zo!"

Daga nan ban sake mallakar ƙafafuna ba. Ya ja ni, rabin gari na biye da mu. Ya nuna min mutum-mutumin wani dattijo da har yau ake gardama ko soja ne ko mai gidan burodi.

"Madam, yaya kika gan shi?"

"O! Paris babu irin wannan."

"Kun ji? Paris ma babu!"

Ya nuna min shataletalen da ya gina, wanda hanya ɗaya ce tak ke shiga cikinsa, ita ce kuma ke fita. Na dafe ƙirji na ce zuciyata ta tsaya. Ya nuna min famfon tsakiyar gari mai feshin ruwa ta bakin gunkin kifi zuwa cikin wani faffaɗan kududdufin siminti. Wannan kam na yi masa kallon ƙauna na gaskiya, don na riga na sa shi a lissafin gobe.

A gidansa matarsa Pani Bożena ta cika tebur da miyar hatsi mai tsami, da ƙwai, da kyafaffen nama. Pan Zenon ya ciko cokali da chrzan, niƙaƙƙiyar saiwar nan mai azabar yaji da ko jariri ya san kan wuƙa ake lakatowa. Ni Bogna na san ta. Amma Madam Solange ba ta san ta ba, kuma idanu goma sha suna kanta. Na haɗiye cokalin gaba ɗaya. Na ji kamar an cusa min garwashi ta hanci an fito da shi ta ƙeya. Hawaye suka ɓalle ta ƙarƙashin tabarau.

"Ku duba," in ji Pan Zenon a hankali. "Kuka take yi don son garinmu."

Da numfashina ya dawo, na ga lokaci ya yi da zan share fage. "Yallaɓai, gobe ruwa? Ni ji labari. Samari, bokiti, fash! Ni son gani."

Pani Bożena ta dubi mijinta.

"Bajamushen nan," ta ce.

"Bajamushen nan," ya amsa, ya ajiye cokali. Ya ba ni labari da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai magana da kurma. Shekarun baya wani Bajamushe ya ratso garin a kan keke ranar jiƙo. Yara suka yi masa wanka, shi da keken da jakarsa da taswirarsa. Ya koma gida ya rubuta cewa a Sosnolin mahaukata ke zaune. Tun daga ranar ba baƙon da ya sake tsayawa ko shan shayi.

"Madam, ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Ki bar min komai."

Na koma gida ina taƙama, na gaya wa Lusia cewa magajin gari da kansa zai shirya min bokitai. Ban rufe baki ba lasifikar da ke kan rufin 'yan kwana-kwana ta yi ƙara.

"Ehem-hem! Jama'ar Sosnolin masu albarka! Gobe duk wanda ya ɗiga wa baƙuwarmu ruwa, ko da ɗigo ɗaya ne, shi da ni ne! Kuma in sanyi ya zo, motar kwashe ƙanƙara ba za ta san hanyar gidansu ba!"

Lusia ta yi dariya har ta zame daga kujera. Gwaggo kuwa tana taga tana kallon wasu ma'aikata biyu, a ranar Ista guda, suna cike ramin da ya shekara yana cinye mata ƙafar keke a ƙofar gida.

"Bogna," ta ce, "ki ɗan ƙara kwana biyu a Faransar nan. Fitilar layinmu ma ta mutu."

"Ku ba ku san samari ba," na ce. "Doka ita ke ƙara musu ƙaimi. Ku jira gobe."

Da safe na sa riga mai saurin bushewa, don a samu damar sake jiƙa ta. Na gyara malafa, na buɗe ƙofa. Ban ga sama ba. Wata ƙatuwar laima ce, irin wadda ake kafawa a kan tebur a ƙofar shagon askirim, a ƙarƙashinta kuma Witek, cikin kayan aiki, takalma sun sha goga. Hoton ma ya rage shi.

"Bonzhur, Madam," ya ce, kunnuwansa suka yi ja. Ya nuna ƙirjinsa. "Ni, laima." Ya nuna ni. "Ke, bushe."

Lusia ta fito ta bayana. Samarin da ke laɓe a bayan shinge suka taso, bokiti uku a lokaci ɗaya. Ta yi ihun nan da 'yan mata ke yi, mai kama da kuka amma duk unguwa ta san na daɗi ne. Wani fantsami ya nufo ni, na miƙa masa kunci. Laima ta sauko, fat. Samarin suka cire huluna.

"Barka da asuba, Madam."

"Barka," na ce, ina ji kamar in cije su.

A kwanar gidan waya muka haɗu da Baba Alojzy, wani tsoho mai ladabi da ya daina ɗaukar bokiti tun da bayansa ya ƙi, sai dai ya bi mata da kwalbar turare yana ɗan fesa musu a wuya. Na ce ko wannan ne a fara da shi. Na karkata wuya.

"Baba Alojzy, doka," in ji Witek.

"Turare ne, ɗan nan, ba ruwa ba."

"Yana jiƙawa?"

"Ɗan kaɗan."

"To doka."

Tsohon ya fesa wa iskar da ke gefena, ya rusuna, ya wuce.

Na ga sai na taimaki kaina. A barandar da ke saman kantin magani na hango wasu tagwaye sun ɗora ƙaton baho a kan ƙarfe, suna jiran wasu 'yan mata da ke tahowa. Na nuna wa Witek shamuwa a kan bututun hayaƙi, na ce, "O, tsuntsu!" Da ya ɗaga kai na kwasa da gudu na kutsa tsakiyar 'yan matan. Baho ya karkata. Na rufe ido. Sai na ji an fizge ni gefe kamar buhu, aka kifa min laima. Duk ruwan bahon a kan Witek ya ƙare, har da wani soso da aka manta a ciki.

Matan da ke tagogi suka kwashe da shewa. "Bana kam Witek zai yi aure!"

"Lafiya, Madam?" ya tambaya, ruwa na zuba daga hancinsa.

"Lafiya," na ce. Ko gefen takalmina bai jiƙe ba.

Pan Zenon ya iso yana haki, ya jinjina wa Witek. Na kama hannunsa da hannu biyu.

"Yallaɓai, ni son al'ada! Ni son ruwa, kai, jiki, duka! Ni ba fushi!"

Ya dube ni da tausayi. "Ehem-hem. Haka Bajamushen nan ma ya ce da farko."

Wani ɗan hadari ya taso ta gabas. Na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta a coci ba. Hadarin ya zo daidai kan gari, ya duba, ya wuce. Har sama ta ji lasifikar jiya.

Saura kifi mai feshi. Da muka shiga dandalin tsakiyar gari na ɗaga waya kamar mai ɗaukar hoton coci, ina ja da baya, ina ja da baya, ina cewa, "O, babba, ba shiga hoto." Na ji bakin kududdufin famfon ya taɓa bayan gwiwata. Na saki jiki.

Siminti ne ya tare ni. Ƙura ta tashi. Kifin yana kallona da baki buɗe, ko yawu babu. Ashe tun da sassafe Pan Zenon ya sa aka kwashe ruwan tas, don kada baƙuwa ta faɗa. Witek ya diro ciki ya riƙe min laima a inda nake kwance. Mutane suka yi ta tafa wa magajin gari saboda hangen nesa.

"Madam," ya leƙo, "yaya kika ga famfon namu?"

"Tauri sosai," na ce.

"Kun ji? Aikin ƙwarai! Da kaina na zaɓi simintin."

Ina kaɗe ƙura Lusia ta iso cikin rigarta ta uku, gashinta ya manne a fuska, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta tsaya nesa kaɗan, wai kada ta ɗiga min.

"Madam, a Faransa haka 'yan mata ke bushewa?" Ta matso da baki kusa da kunnena. "In ɗan matse miki gefen rigata a ka? Tsakaninmu ne."

"Ki matse wa kakarki."

"Kakarmu ɗaya. Ita ma a zamaninta ta fi ki jiƙewa." Ta ɗaga kai ta dubi agogon coci, ta yi min murmushi, ta koma wajen bokitai.

Ni ma na duba. Hannayen agogon sun kusa haɗuwa a sama.

An kafa dandamali a gaban coci, da tebur cike da kek ɗin Pani Bożena, da 'yan badujala, da Fada, limamin cocin, a kujerar gaba. A Sosnolin da motar kwana-kwana ake rufe wasan: a tara 'yan mata wuri ɗaya a buɗe musu mesa. Bana Pan Zenon ya sa an juya motar can ɗaya gefen dandalin, ta ba mu baya. Abokan aikin Witek biyu suna riƙe da mesa, suna jiran umarni daga lasifika. Ina hango su, ina hango Lusia a sahun gaba tana gyara tsayuwa.

Pan Zenon ya yi jawabi a kan allo, da shataletale, da Paris. Sannan ya ce baƙuwa za ta faɗa wa duniya abin da ta gani a Sosnolin, ya danƙa min makirfo. Ya juya ya sunkuya wajen Fada, yana roƙonsa a ɗan jinkirta ƙararrawa har Madam ta gama.

Ya ba ni baya. Makirfo na hannuna. Muryar da na ji ba sau biyu ba, sau ɗari. Ku gaya min, wa zai iya haƙuri?

Na jawo malafa ƙasa, na ja gyale na rufe baki, na tattaro maƙogwaro.

"Ehem-hem! Jama'ar Sosnolin masu albarka! Na janye doka! 'Yan kwana-kwana, ku juyo da mesa nan kan dandamali! Ku buɗe ta duka!"

Ba yabon kai ba, ban taɓa yin murya mai kyan wannan ba. Pan Zenon da kansa ya miƙe yana waige-waige, yana neman inda yake magana. Pani Bożena ta ce, "Zenon, ka haukace ne?" Masu mesa suka dubi juna, suka ɗaga kafaɗa, suka juyo.

Na ware hannuwa, na rufe ido, na ɗaga fuska sama. Na ji rugugin ruwa yana tahowa kamar jirgin ƙasa. Na ji ihu. Na ji tebur ya kife. Na jira.

Da na buɗe ido, duhu na gani. Witek ya dasa laimar a gabana kamar garkuwa, ya tokare ta da kafaɗa, ƙafafunsa na zamewa, haƙora a cije. Ta gefenta na ga Pan Zenon ya wuce a zaune, ruwa na tura shi har ƙarshen dandamali, ya ɓace. Kek ɗin Pani Bożena suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mai busa ƙaton ƙaho ya busa, ruwa ya fito ta sama. Hular Fada ta tafi yawo a kwata.

Ni kuwa ko tabarau ɗina bai yi raɓa ba.

A nan ne wani abu ya tsinke min a ka.

"Kai dalla kauce min da wannan tsinanniyar laimar! Tun safe kake bina kamar jela! Wa ya aike ka? Uwata ta sa ni a mota tun daga Łódź don a jiƙa ni, shekara ashirin da shida ina jiran bokiti ɗaya, ɗaya tak, kai kuma ka zo ka tsaya min a ka kamar rumfar kasuwa!"

Da harshenmu na faɗa, tas, irin na 'yan layinmu masu faɗa da direban bas. Makirfo kuma yana nan a bakina. Kalmar "kasuwa" ta bugi bangon coci ta dawo.

Aka rufe mesa. Ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa.

"Wannan ai 'yar Łódź ce," in ji Pani Bożena, da guntun kek a kafaɗa.

"Bakin Renia ne sak," in ji Baba Alojzy.

Duk dandalin ya juya wajen Gwaggo. Ta gyara ɗankwalinta. "Ni cewa na yi baƙuwa ce ta sauka a gidana. Ramin ƙofar dai an riga an cike, ba za a tone ba, ko?"

Sai gunaguni ya tashi. Samarin da suka wuni suna cire min hula suka dubi juna, suka sunkuya suka ɗauki bokitansu. Suka nufo dandamali, fuska ba annuri, bokiti ya fi ashirin. Na ce a raina, Bogna, ta wata hanyar dai kin ci! Na cire malafa, na jefar da tabarau, na sake ware hannuwa.

"Ehem-hem!"

Kowa ya dubi bakina. A rufe yake. Suka dubi ƙarshen dandamali, inda Pan Zenon ke hawowa da rarrafe, gashin bakinsa ya kwanta kamar jiƙaƙƙen ɓera.

"Wannan karon ni ne," ya ce. "Kada wanda ya taɓa ta. Ruwa take so? Ku bar ta haka."

Bokitai suka sauka a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Wani ma ya juye nasa a ƙasa a gabana, yana kallona. A saman kanmu ƙararrawa ta fara kaɗawa.

Witek ya naɗe laimar. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi ciwo.

"Ni na roƙi yallaɓai ya ba ni aikin nan," ya ce. "Tun a ƙofar coci na gan ki. Jiya wuni na yi ina haddace Faransanci a waya, har na iya tambayar ina tashar jirgi take. Da a Bogna kika fito, da tun a ƙofar gida na ɗauke ki sai komin dawakai."

"To ai... yanzu ma komin yana nan."

"An kaɗa ƙararrawa."

Ya miƙa min laimar, ya sauka, takalmansa na kuka caɓal-caɓal har ya sha kwana. Wayata ta fara rawa a aljihu. Ba sai na duba ba, na san Mama ce, na kuma san tambayar.

Lusia ta jingina da dandamali tana matse gashi. "Kin ce mu kira ki duk sunan da muka ga dama, ko? Ni da Mama muna shawara. Tsakanin Madam Ƙamas da Madam Rumfar Kasuwa."

Mutane suka fara watsewa, kowa na ɗiga. Mai ƙaho ya kifa ƙahonsa yana zazzage ruwa. Fada yana bin hularsa da sanda. Dandalin ya zama tafki, kek na iyo a ciki, ni kaɗai a tsaye a sama da laima a hannu, rigata mai saurin bushewa tana kaɗawa a iska.

Pan Zenon ya zo wucewa ta gabana yana matse gashin baki. Ya wuce, ya tsaya, ya dawo. Ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Ehem. Duk da haka dai daga wani gari kika zo. Łódź ma ai tafiya ce. Tsakani da Allah, yarinya, yaya kika ga garin namu?"

Gwaggo ta tsaya. Lusia ta daina matse gashi. Na dubi tafkin, na dubi kek, ban san lokacin da haɓata ta ɗaga ba, maganar ta bi ta hanci da kanta.

"Gari kyau, yallaɓai. Amma ku fama da fari sosai."